Yadda Ake Zaɓen Girman Harsashin Da Ya Dace Da Farautar Mugun Dawa

Mugun dawa, wanda wasu ke kira gadu ko gyado, dabba ne da gajartarsa ke yaudarar maharbi. Tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa bai cika wuce santimita 85 ba, amma ƙasaitaccen namiji yakan kai nauyin kilo 60 zuwa 150, tamata kuwa tana tsayawa tsakanin kilo 45 da 75. Duk wanda ya taɓa ganinsa a sansanin Wikki na gandun dajin Yankari, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba yana tonon saiwa da hanci, zai iya ɗauka cewa kowace bindiga ta ishe shi. Wannan zato kuskure ne, domin idan harsashi bai taɓa zuciyarsa ko huhunsa ba, sai ya ɗaga jela sama ya zura da gudu, ya nufi ramin dabgi da ya mayar gida, ya shiga da baya haurensa na fuskantar ƙofa, can kuma zai mutu cikin azaba inda babu mai iya kai masa. Saboda haka tambayar da za a riƙe tun daga farko ita ce: wane harsashi ne zai kayar da shi kafin ya kai ga rami?

Musulmi ba ya cin naman mugun dawa, kasancewarsa dangin alade. Masu harbinsa suna yi ne don ɓarnar da yake yi a gona da haƙa ƙarƙashin shinge, ko don haurensa, ko don nama ga waɗanda suke ci. Ko ma mene ne dalili, an umarce mu da kyautatawa har a wajen kisa, kuma zaɓen harsashi yana cikin wannan kyautatawar.

Mataki na farko: a fara da doka

A Yankari da gandun dajin W na Nijar ba a farauta ko kaɗan. Inda farautar mugun dawa da lasisi ta fi yawa shi ne Afirka ta Kudu, musamman lardin Limpopo, sai Namibiya da Zimbabwe, kuma kowace ƙasa tana da ƙa'idarta kan mafi ƙanƙantar bindigar da ta yarda da ita. Ana auna wannan da abu biyu: kaliba, wato faɗin harsashi, da ƙarfin da yake fita da shi daga bakin bindiga, wanda ake lissafawa da jul. Zimbabwe ta sa mugun dawa a rukunin ƙananan dabbobi, inda kalibar milimita 5.6 mai ƙarfin jul 850 ta wadatar a shari'ance. Namibiya ta kasa ƙarfin gida uku: jul 1,350 ga ƙananan dabbobi, 2,700 ga matsakaita, 5,400 ga manya irin su ɓauna. Kafin a sayi komai, a tambayi jagoran farautar da za a bi abin da dokar yankinsa ta tanada.

Ga wanda yake zaune a Najeriya akwai ƙarin abin lura. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja masu kalibar 7.62 da 9 na milimita, da .300 da .303 na inci, cikin jerin haramtattun makamai, kuma mallakar kowace raifil tana bukatar lasisi. Mafi sauƙi ga mai tafiya farauta waje shi ne ya yi hayar bindiga a wurin masu masaukinsa, amma ko da haka yana da kyau ya san wacce zai nema.

Mataki na biyu: a san nisan da za a yi harbi

Mugun dawa ba ya gani sosai, amma hancinsa da kunnensa suna da kaifi. Dabbar rana ce, kuma yana son ruwa da birgima a taɓo. Wanda zai yi kwanto a bakin tafki yawanci zai yi harbi ne daga mita 30 zuwa 80, wanda zai yi sanɗa a cikin sarƙaƙiyar ƙaya ba zai cika wuce mita 100 ba, a filin Namibiya mai faɗi ne kawai nisan kan kusanci mita 200. Ma'anar wannan ita ce ba a bukatar harsashi mai tsananin gudu irin na harbin nesa. Hasali ma a kusa, gudun da ya wuce kima yana sa kan harsashi, wato ɓangaren da ke fita daga bindiga ya sami dabba, ya farfashe a kafaɗa kafin ya shiga ciki.

Mataki na uku: a tace kalibobin

Nan ne ya kamata a daɗe. Da farko a cire .22 ƙarama, wadda ƙarfinta yawanci bai kai jul 200 ba. Ta zomo ce da zabo, harbin mugun dawa da ita zalunci ne. Ita kuwa .223 Remington tana da kimanin jul 1,700, ta cika sharaɗin Zimbabwe, amma kan harsashinta na giram 3.6 ba shi da nauyin da zai karya ƙashin kafaɗar babban namiji wanda fatarsa ta sha busasshen taɓo. Abin da doka ta halatta daban, abin da ya dace daban, don haka ban ba da shawarar amfani da ita ba.

Mafi ƙanƙantar da hankali zai kwanta da ita ita ce .243 Winchester, wadda ta fito a 1955. Da kan harsashi mai giram 6.5 tana ba da kusan jul 2,600, ba ta dukan kafaɗa da ƙarfi, kuma ta dace da matashi ko mai ƙaramin jiki. Sharaɗinta shi ne a jira dabbar ta ba da gefe sosai, kada a harba tana karkace. Kalibobin milimita 6.5, irin su 6.5x55 ta Suwidin da 6.5 Creedmoor, sun ɗara ta, saboda dogon harsashinsu yana nutsewa da zurfi.

Tsakiyar jerin ita ce gidan mugun dawa. Akwai 7x57 Mauser ta 1892, wadda Turawan Boer suka yi yaƙi da ita, kuma har yau manoman Afirka ta Kudu suna girmama ta. Da kan harsashi mai giram 11.3 tana tafiya a natse, ta ratsa kafaɗa ta fita ta ɗaya gefen. Akwai .270 Winchester ta 1925, wadda ta fi kyau a fili mai faɗi. Sai .308 Winchester ta 1952 mai kimanin jul 3,500, da yayarta .30-06 ta 1906 mai kusan jul 3,900. A ganina .308 da kan harsashi mai giram 10.7 zuwa 11.7 ita ce zaɓi mafi dacewa ga yawancin mutane, domin ƙarfinta ya wadatar ta kowace kusurwa, dukanta a kafaɗa mai jurewa ne, kuma da wuya a shiga shagon harsashi a kudancin Afirka a rasa nata. Idan an ba ni 7x57 a madadinta ba zan yi gardama ba.

Game da .375 H&H ta 1912, tana kashe mugun dawa sarai, kuma wanda ya fita neman ɓauna ya ci karo da shi ba sai ya canza bindiga ba. Amma babu dalilin sayenta musamman domin wannan dabba.

Mataki na huɗu: a zaɓi ginin kan harsashi

Mutane da yawa suna yin dogon musu kan kaliba, sannan su sayi kwalin harsashin da ya fi araha. Kan harsashi shi ne abin da yake taɓa dabba, don haka gininsa ya kai kalibar muhimmanci. A guji mai cikakkiyar rigar ƙarfe irin na soja, domin yakan huda ya wuce kamar allura ba tare da ya buɗe ba, dabbar ta gudu babu ko ɗigon jinin da za a bi. A guji kuma mai siririyar riga da aka yi don ƙananan dabbobi, wanda ke tarwatsewa a kan fata. Abin nema shi ne wanda ke buɗewa a hankali kamar lema yana riƙe da nauyinsa, irin su Nosler Partition da Barnes TSX. A kowace kaliba a karkata ga mai nauyi. Fitar harsashi ta ɗaya gefen tana da amfani ƙwarai, saboda rauni biyu sun fi zubar da jini, kuma idan dabbar ta yi ɗan gudu, sawun jinin ne zai kai maharbi gare ta.

Mataki na biyar: a gwada bindigar da kafaɗar mai ita

A samu takarda a zana da'ira mai faɗin santimita 15, kimanin girman wurin da zuciya da huhun mugun dawa suke, a kafa ta a nisan mita 100. A yi harbi uku a tsaye, bindiga na kan sandunan dogara irin waɗanda ake amfani da su a daji, ba a kan teburi ba. Idan ukun suka faɗa cikin da'irar, bindigar ta dace da mai ita. Sannan a sa wani ya ɗura bindigar a ɓoye, wani lokaci da harsashi, wani lokaci babu. Idan aka ja kunama babu harsashi amma aka ga bakin bindiga ya dukufa ƙasa, ido ya runtse, kafaɗa ta zabura, to maharbin yana tsoron dukan bindigar, kuma sauka zuwa ƙaramar kaliba ya fi masa. Mai .243 da yake sa harsashi inda ya nufa ya fi mai .30-06 da hannunsa ke rawa. A yi wannan gwaji da ainihin harsashin da za a shiga daji da shi, domin sauya nauyi ko kamfani yana sauya inda harsashi ke sauka.

Mataki na shida: a haɗa zaɓin da wurin saiti

Zuciyar mugun dawa tana ƙasa kuma tana gaba fiye da yadda ake zato. Idan ya ba da gefe, a bi layin ƙafar gaba zuwa sama, a tsaya a kashi ɗaya cikin uku na kaurin jikinsa daga ƙasa. Gezar da ke bayansa tana sa ya yi kamar ya fi tsayi, abin da ke jawo harbi ya wuce sama, kuma idan yana durƙushe yana kiwo ƙirjinsa yana sauka, don haka gara a jira ya miƙe. Harbin kai ba shi da tabbas, saboda ƙwaƙwalwarsa ƙarama ce a bayan faffaɗar fuska, kuskuren santimita kaɗan zai farfasa masa muƙamuƙi ya tsere da rauni. Bayan harbi a sake ɗura bindiga nan take, ido na kan dabbar. Idan kuma ta riga ta shige rami, kada kowa ya tsaya a gaban ƙofar ko ya zura hannu, domin haurensa na ƙasa yana wasuwa da na sama duk lokacin da ya rufe baki, kuma yana yanka kamar wuƙa. A tsaya ta bayan ramin, a bar jagora ya yanke shawarar abin da za a yi.