Yadda ake ba kwamfutar tafi-da-gidanka wuta daga motar haibirid da ke tsaye

Motar haibirid, irin su Toyota Prius da Camry masu haɗa injin fetur da na lantarki, tana iya riƙe kwamfutar tafi-da-gidanka wuni guda cur, kuma ita ce dai za ta iya barin mutum a hanya cikin 'yan sa'o'i. Abin da ya raba biyun shi ne matsayin da aka bar motar a kai lokacin da aka jona caja.

Batir biyu ne a cikin motar. Akwai babba mai tuƙa ta, wanda a Prius na 2004 zuwa 2015 yake ɗauke da bolt 201.6. Akwai kuma ƙarami na bolt 12, shi ne ke ba fitilu da rediyo da soket ɗin kunna sigari wuta. Wannan ƙaramin da gangan aka ƙanƙanta shi, don ba shi ne ke buga injin ba. Aikinsa ya tayar da kwamfutocin motar ya haɗa layin babban batir, shi ke nan. Yawanci ƙarfinsa yana tsakanin Ah 35 zuwa 45 (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa, amfiya sau sa'o'i). Motar kuma ba ta da altaneta, na'urar da ke cajin batir a sauran motoci. Wata na'ura ce ke sauko da wutar babban batir zuwa kusan bolt 14 ta cika ƙaramin, kuma ba ta aiki sai an ga kalmar READY ta haska a dashbod.

A nan ne mafi yawan mutane ke faɗawa rami. Idan ka danna maɓallin POWER ba tare da taka birki ba, motar za ta shiga ACC: rediyo ya kama, soket ya kawo wuta, komai kamar lafiya. Amma duk abin da kake ja daga ƙaramin batir yake fita, babu mai mayar masa. Kwamfuta mai wat 65, idan aka haɗa da asarar da caja ke yi, tana jan kusan amfiya 6, ga kuma abin da kayan motar ke ci da kansu. Batirin da bai kamata a sauke shi ƙasa da rabi ba, sa'a uku ma da ƙyar zai kai, in tsoho ne kuwa bai kai nan ba. Da ya mutu, motar ba za ta tashi ba ko da babban batir a cike yake. Toyota da yawa na kashe ACC da kansu bayan ɗan lokaci saboda wannan, amma in kana sake kunnawa duk sanda ta mutu, ka rushe kariyar da hannunka.

Don haka hanyar da ta dace ita ce: ajiye motar a fili, sa giya a P, sa birkin ajiya, taka birki sosai ka danna POWER har READY ta fito. Kashe fitilu da rediyo. Daga nan injin zai riƙa tashi da kansa na 'yan mintuna idan babban batir ya yi ƙasa, ya cika shi, ya sake yin shiru. Kada ka bar giya a N, domin a N injin ba ya cajin babban batir, zai yi ta sauka har motar ta fara gargaɗi. A tabbata akwai mai a tanki, aƙalla kwata. Ƙarewar mai a haibirid ta fi ta sauran motoci ciwo, saboda babban batir ne ke tayar da injin, in wutar batirin ta ƙare ba a tura motar ta tashi. Wasu sababbin motocin da aka yi wa kasuwar Amurka suna kashe kansu idan suka daɗe a P, don haka ka riƙa leƙa dashbod. Ƙaramar mitar bolt da ake cusa wa a soket tana da arha kuma tana raba gardama: in ta nuna 13.5 zuwa 14.5, mota ce ke ciyar da kai. In ta nuna 12.4 tana sauka, batir kake ci.

Sai batun caja. Juya cajar kwamfutarka ka karanta rubutun bayanta, ka ninka bolt da amfiya: 20V da 3.25A wat 65 ne, 19.5V da 4.62A wat 90 ne. Soket ɗin Toyota yawanci amfiya 10 aka ƙayyade masa, wato wat 120, kuma sau da yawa a rubuce yake a jikin murfinsa. Kwamfutar ofis da ta makaranta sun shiga ciki. Manyan na wasanni da haɗa bidiyo masu wat 180 ko 230 ba su shiga ba, fiyus za su ƙona.

In kwamfutar tana caji ta USB-C, abin da ya fi shi ne cajar mota mai PD (Power Delivery, tsarin caji mai ƙarfi ta USB-C) ta wat 65 ko 100. Duba jikinta da kyau ka ga an rubuta 20V a cikin abin da take fitarwa. Masu arha da yawa suna tsayawa a 9V ko 12V, sun dace da waya amma kwamfuta ba za ta karɓa ba, ko ta karɓa tana caji kamar tafiyar hawainiya. Igiyar ma tana da nata: ta gama-gari amfiya 3 take ɗauka, wat 60 ke nan, wat 100 sai da igiya mai amfiya 5. Kwamfuta mai zagayayyen bakin caji kuwa tana da adaftar mota da ke ɗaga bolt 12 zuwa 19 ko 19.5. Masu Dell da HP su kula da siririyar allurar da ke tsakiyar bakin, ta nan kwamfutar ke gane cajarta. Adaftar da ba ta da wannan alama kan sa kwamfutar ta ƙi cajin batir ko ta rage gudu, mutum ya zaci lalacewa ta yi.

Invata ita ce zaɓi na ƙarshe. Tana ɗaga wutar ne ta mayar irin ta gida, cajarka kuma ta sake sauko da ita, kowane mataki da asararsa da zafinsa. In ba makawa, ɗauki ta wat 150, wadda aka rubuta mata pure sine wave, don mai rahusar kan sa wasu cajoji ƙara da zafi. Ko 110 take fitarwa ko 220 ba damuwa, muddin cajarka ta ce 100-240V. Kada lambar wat 300 ko 500 da ke jikin kwali ta ruɗe ka, soket ɗin ne ke yanke iyaka. Kada kuma ka dogara da kukan da take yi in wuta ta yi ƙasa, yawanci sai wajen bolt 10.5 take kuka, lokacin batirin mota ya riga ya galabaita.

Bayan minti goma da jonawa, taɓa kan cajar. Ɗumi ba laifi. In ba ya taɓuwa, bai zauna daidai ba ne ko ramin ya yi datti, kuma haka roba ke narkewa. In fiyus ya ƙone, a mayar da mai lamba ɗaya da shi. Sa wanda ya fi shi, ko naɗa waya a gurbinsa, gayyatar gobara ce.

Haɗarin da ya fi duka ba na wuta ba ne, na hayaƙi ne. Motar da ke READY shiru take kamar a kashe, sai injin ya tashi ba sallama. A gareji ko rumfa mai rufi, iskar gubar da ke fita daga salansa ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kisa. A fili kawai ake wannan aiki, salansa ba ta fuskantar bango ko tagar ɗaki, ba kuma a kan busasshiyar ciyawa ba. Kada a bar yara su kaɗai a ciki.

Zafi ma abin lura ne: Apple, alal misali, digiri 35 ta sa a matsayin iyakar zafin wurin da kwamfutocinta za su yi aiki, mota a rana kuwa ta wuce nan nesa. Nemi inuwa, ko ka kunna esi, ka san dai injin zai riƙa tashi a kai a kai. Kada jaka ko filo su toshe kafar iskar da ke gefen kujerar baya, ta nan babban batir ke shan iska. In ka gama, zare caja, danna POWER, ka tsaya ka ga READY ta mutu kafin ka rufe ƙofa.