Yadda Iyaye Za Su Ɗauki Hoton Jariri Mai Kyau da Waya

Da farko, ku goge gilashin kyamarar wayar da tsumma mai laushi, domin maiƙon yatsa ne ke sa yawancin hotuna su fito dishi-dishi.

Na biyu shi ne haske, kuma a ganina ya fi komai muhimmanci. Ku kwantar da jaririn kusa da taga ko bakin ƙofa da hantsi ko bayan la'asar, ta yadda hasken zai sauka a gefen fuskarsa, ku kuma kashe filashi, saboda yana firgita yaro yana kuma ɓata launin fata. Rana tsaka ba ta dace ba, inuwarta tana duhunta idanu.

Sannan ku durƙusa har wayar ta yi daidai da fuskarsa, ku taɓa idonsa a kan allon don kyamarar ta tsaya a wurin. Ku matsa kusa maimakon jawo hoton da yatsa.

Ku kawar da tarkacen da ke bayansa. Ku jira sai ya sha nono ya natsu, wani babba yana kusa da shi, sa'an nan ku ɗauki hotuna da yawa a jere ku zaɓi guda.