Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Jera Taswirar Iyawar Kamfani

Taswirar iyawa shafi ne guda mai akwatuna, kowane akwati na ɗauke da abu ɗaya da kamfani ya iya yi, ko ya zame masa dole ya iya. A manhajojin da ake zana ta da su, irin su LeanIX, wadda SAP ta saya a 2023, ko Ardoq, ko Archi da ake saukewa kyauta, zana akwati ba wani aiki ba ne. Inda ake shan wuya shi ne jera akwatunan da kasa su gida-gida. Zan yi misali da kamfanin casar shinkafa a Gombe, irin wanda ke sayen shanshera daga manoman Dadin Kowa, don aikinsa a fili yake.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne a kwafo jerin ofisoshi a kira shi taswira. Sai ka ga akwatunan sama: Ofishin Manaja, Sashen Akawu, Sashen Saye, Sashen Sito. Wannan ya nuna wanda ke zaune a kan wace kujera, bai nuna abin da kamfani ya iya ba. Ranar da aka mayar da sito ƙarƙashin akawu, taswirar ta tashi aiki, alhali buhunan suna nan ana ƙirga su kamar jiya.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Mai saye yana auna danshin shanshera a bakin gona kafin ya biya, mai sito ma yana aunawa kafin ya karɓa, domin ana son danshin ya sauko wajen kashi 14 cikin ɗari kafin a kai ta inji. Idan an kasa taswira bisa ofis, wannan aiki zai fito sau biyu da sunaye biyu, a ware masa kuɗi sau biyu, kuma ba wanda zai lura cewa ma'aunan biyu ba sa ba da amsa ɗaya. Gyaran shi ne akwati guda, Tantance Ingancin Shanshera, sannan a liƙa masa sassan biyu a matsayin masu amfani da shi. Duk waɗannan manhajoji suna ba da damar haɗa iyawa da sashe ba tare da sashen ya zama uwar akwatin ba. A sito ma ai abin da ke cikin buhu ake dubawa wajen tarawa, ba wanda ya ɗauko shi ba. Na san a wajen zama za a samu ogan da zai ce, "Ina sashena ya shiga?" A nuna masa akwatunan da sunansa ke liƙe da su. Kada a ƙirƙiro masa akwati don a faranta masa rai.

Na biyu, a rubuta matakan aiki a maimakon iyawa: a auna, a biya, a loda mota, har da kibiyoyi. Wannan zanen yadda aiki ke gudana ne, kuma yana da nasa shafin. Shi ya sa ArchiMate, ƙa'idar zane ta The Open Group, ta ba wa iyawa alamarta ta daban tun bugu na 3.0 a 2016. BIZBOK kuwa, littafin jagora na masu tsara fasalin kamfanoni, ya ce a gina sunan iyawa a kan abin da kamfani ke mu'amala da shi: manomi, shanshera, kuɗi, ma'aikaci, inji. Kula da Manoma suna ne mai kyau. Excel da POS kayan aiki ne, ba su da akwati.

Sai cakuɗa manya da ƙanana. Kula da Kuɗi da Biyan Lebura ba sa zama a layi ɗaya, na biyun ɗan na farkon ne. Idan akwatunan matakin farko, wato manyan iyawa, sun kasa shiga allo ɗaya yadda za a karanta su daga kujerar baya, sun yi yawa. Mataki uku sun isa tsara shekara, kuma ba dole kowane reshe ya kai na uku ba.

Kasawa gida uku ita ce aka saba: jagoranci a sama, ainihin sana'a a tsakiya, tallafi a ƙasa. Abin da ke ɓata ta shi ne ba mai son a ce aikinsa tallafi ne, sai kowa ya tura akwatinsa tsakiya. Wannan rashin fahimta ne, kuma yana damuna, domin gidan da akwati ya faɗa ba ya nuna darajarsa. Samar da wuta tallafi ne a kamfanin casa, amma duk wanda ya ga inji tsaye ana jiran dizal ya san kuɗin gyaran bana can ya kamata su fara zuwa. A kuma guji akwatin Sauransu. Abin da ya rasa gida, ko dai sunansa ne bai fito daidai ba, ko an manta da wata babbar iyawa gaba ɗaya.

Taswirorin da ke zuwa a shirye cikin manhaja suna da amfani wajen duba abin da aka tsallake, amma a cikinsu ba za ka samu bayar da bashin taki da iri ga manoma a biya da shanshera a kaka ba, ko hulɗa da dillalan kasuwar Tudun Hatsi. Fara da naka, ka gwada da nasu daga baya.

Launi kuma ma'ana ɗaya ake ba shi a shafi ɗaya. Idan ja yana nufin rauni, kada ya sake nufin muhimmanci, in ba haka ba shugaba zai duba ya rasa ko yabo ake yi ko kuka. A buɗe shafi don ƙarfi da rauni, wani don kuɗin da ake kashewa. Amma kada a sake zana akwatunan. A Archi, jawo akwatin da ke jerin gefen hagu ake yi a ajiye shi a sabon shafi. Wanda ya ƙirƙiri sabo mai suna iri ɗaya ya raba iyawa ɗaya gida biyu, kuma gyaran da aka yi wa ɗaya ba zai taɓa kaiwa ga ɗayan ba.