Kurakuran da aka fi yi wajen mayar da tambayoyin MEQ30 zuwa Fotugis

Masana halayyar ɗan Adam na amfani da takardar MEQ30 don auna yanayin da mutum kan ji ya narke cikin dukkan halitta, lokaci da wuri sun ɓace masa, baki kuma ya kasa bayyana abin da ya gani. Asalinta, da Ingilishi, gwajin wani likita mai suna Walter Pahnke ne a birnin Boston na Amurka a 1962, daga baya masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins suka taƙaita ta zuwa tambayoyi 30, sannan a 2017 aka wallafa ta da Fotugis na Birazil.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a gamsu da zarar an fassara takardar, an sake mayar da ita Ingilishi, an ga sun dace. Wannan hanya tana fifita fassarar kalma da kalma, wadda mai amsawa kan karanta bai gane ba. Gyaran shi ne mafassara biyu su yi aiki dabam-dabam, kwamiti ya daidaita su, a kuma zauna da masu amsawa a ji abin da suka fahimta daga kowace tambaya.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne kalmomin addini. A Birazil akwai Katolika da Fentikostal, da mabiya Allan Kardec masu aƙidar ganawa da ruhohin matattu, da 'yan Umbanda, addinin da ke da tushe a al'adun Afirka, da 'yan Santo Daime masu shan ayahuasca, wani jiƙon tsirrai mai sauya hayyaci, a wurin ibada, kuma kowane rukuni na da lafazin da yake ambaton tsarki da shi. Idan mai fassara ya aro lafazin wani rukuni, 'yan cikinsa za su ba da maki mai yawa, sauran kuwa su janye jiki, sai a ƙare da auna aƙida a maimakon yanayin da aka nufa. A ganina gara kalma maras armashi da kowa zai karɓa.

Fassarar Birazil kuma ba ta wadatar da Lisbon ta Fotugal ko Luwanda ta Angola ko Maputo ta Mozambik, duk da su ma Fotugis suke yi, sai an sake duba ta a can.

Ana kuma sakaci da matakan amsa, daga 0 zuwa 5. Tunda ana ɗaukar yanayin a matsayin cikakke ne idan mutum ya kai kashi 60 cikin 100 a kowane ɗaya daga sassa huɗu na takardar, sauya ƙarfin kalma a mataki guda na iya tsallakar da mutane da yawa wannan iyaka. Dole a gwada ta hanyar lissafi ko sassan huɗun sun tsaya a sabon harshen, da mutanen da ba duka daga majami'a ɗaya aka samo su ba.