Darasi na 7: Yin Faifan Ɗora Kofi da Rezin a Gida

Faifan ɗora kofi ɗan ƙaramin abu ne da ake ajiyewa a kan tebur, a ɗora masa kofin zoɓo ko na ruwan sanyi, don kada gumin kofin ya ɓata katako. Ana yin sa da wani ruwa mai kauri da ake kira rezin, wanda idan ya daskare yakan yi tauri, ya yi garau kamar gilashi. Ba ya buƙatar lantarki ko inji, kuma tebur ɗaya ya ishe ku wurin aiki.

Rezin yana zuwa ne a kwalba biyu. A jikin ɗaya an rubuta A, shi ne rezin ɗin kansa. A jikin ɗayar an rubuta B, shi ne mai daskarar da shi. Kowanne shi kaɗai zai yi watanni yana ruwa. Sai an haɗa su ne suke fara ɗumi, su yi kauri, su daskare. Ku lura, ba iska ce take busar da shi ba, haɗin ne yake yin aikin, shi ya sa fanka ko shanya a rana ba sa gyara haɗin da aka ɓata.

Bayan rezin, ku tanadi mazubin siliko mai laushi (siliko wani abu ne mai kama da roba, a cikin mazubin ake zuba rezin ya ɗauki siffar faifai), da kofunan roba, da sirinji ko kofin awo mai lambobi, da sandar juyawa, da tsinken sakace, da safar hannu, da kwali mai tsabta. Kofuna da leda da safar hannu ba sa wuyar samu a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke nan Kaduna. Kayan ado kuwa, kafin ku kashe kuɗi, ku tambayi telolin Kasuwar Barci guntayen leshi da ƙananan duwatsun ado da suka rage musu.

Awo

A nan ne yawancin masu koyo suke faɗuwa. Wadda ta saba zuba gishiri a miya da ido za ta ga kamar nan ma ido ya isa. Bai isa ba. Ku karanta jikin kwalba. Idan an rubuta 1:1, ana nufin A da B daidai wa daida. Idan an rubuta 2:1, A kashi biyu ne, B kashi ɗaya. Ku duba kuma ko da kofin awo ake nufi ko da sikeli, domin nauyin ruwan biyu ba ɗaya ba ne. Wasu sukan ƙara B wai don ya yi saurin daskarewa. Abin da suke samu shi ne faifai mai danƙo da yake lanƙwashewa a hannu, kuma ba shi da magani sai zubarwa.

Don sanin yawan da mazubi zai ci, ku cika shi da ruwa, ku juye a kofin awo, ku karanta lambar. Zagayayyen mazubi mai faɗin santimita 10 da kaurin milimita 6 yana cin kusan mililita 50. Daga nan ku goge mazubin, ku bar shi ya bushe ƙayau. Ɗigon ruwa ɗaya yana sa rezin ya yi hazo.

Haɗawa da zubawa

Ku buɗe taga, ku sa safar hannu, ku shimfiɗa leda. Yara su fita daga ɗakin. Kofin da ya taɓa rezin ya bar aikin kicin ke nan har abada.

Ku zuba A da B a kofi ɗaya, ku juya a hankali na minti 3 zuwa 5, kuna kankare gefen kofin da gindinsa. Da farko za ku ga wasu zare-zare farare suna yawo a ciki. Ku ci gaba har su ɓace, ruwan ya koma garau. Juyawa da sauri tana shigar da iska, iska kuma ita ce kumfa. In kuna son launi, ku sa garin launi ko tawadar da aka yi don rezin, ɗan kaɗan a bakin sanda. Kalar girki mai ruwa ba ta yi.

Ga abin da ake yawan mantawa: a yawancin mazubai, gindin mazubi shi ne fuskar faifai. Saboda haka fure ko hoto ko sunan amarya, a kife ake sa shi. Ku fara zuba rabin abin da mazubin yake ci, ku jera adon, ku danna shi da tsinke. Ganye yana son tasowa sama, don haka ku bar wannan zubin ya yi kauri na wasu awanni, sannan ku haɗa sabo ku cike. Ganyen zogale yana kyau ƙwarai a ciki, amma sai an danne shi a tsakiyar littafi kamar mako biyu ya bushe sarai. Ɗanyen ganye yakan ruɓe a cikin faifan ya koma ruwan ƙasa.

Kumfan da ya taso, ku fasa shi da tsinke, musamman a gefe-gefe inda yake laɓewa.

Yanayin garinmu

Rezin ya fi son ɗaki mai matsakaicin ɗumi. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kaduna ya tsananta, yana saurin kamawa. Rezin ɗin da ya saba ba ku minti 30 ko 40 na aiki zai yi kauri tun kafin nan. Ku yi aikin da sassafe, kuma kada ku haɗa da yawa a kofi ɗaya, domin mai yawa yana ɗaukar zafi har ya narkar da kofin roba. Da hunturu matsalar biyu ce: sanyin asuba yana sa shi kauri da yawan kumfa, ƙura kuma tana sauka a kansa. Ku tsoma kwalaben a rufe cikin ruwan ɗumi na minti 10, ku goge su, sannan ku auna. Da kun gama zubi ku kifa kwali a kai. Da damina, musamman a Agusta, laima tana iya sa fuskar ta dushe, don haka ranar da ake tafka ruwa ku haƙura.

Teburin ya zama a daidaice. In ya karkata, faifan zai fito gefe ɗaya ya fi kauri.

Bayan awa 24 za ku iya ɓare mazubin. Faifan zai yi kamar ya gama, amma sai ya kwana uku yake kai ƙarshen taurinsa, kada ku ɗora masa komai kafin nan. Bakin da ya yi kaifi ku goge shi da sanfefa mai laushi da kuka jiƙa, don kada ku shaƙi garin. In rezin ya taɓa fata, sabulu da ruwa ne maganinsa, ban da kananzir ko fetur. Ragowar cikin kofi ku bar shi ya daskare kafin ku jefar, kada ku zuba a kwata.

Idan za ku sayar, ku faɗa wa mai saye gaskiya: yawancin rezin ba ya jure zafi sosai. Kofin shayin da aka sauke yanzu yana iya bar masa shaida, tukunya kuwa ba a ma maganarta. Zama a rana kuma yana sa shi ya koma rawaya.

Aikin gida

1. Mazubi ɗaya yana cin mililita 50. Kuna da mazubi 4, rezin ɗinku kuma 1:1 ne. Mililita nawa za ku auna na A, nawa na B?
2. An rubuta 2:1 a kwalba, kuna buƙatar mililita 60. Ku rubuta awon kowanne.
3. Ku tsinko ganye ko ƙananan furanni, ku danne su a littafi, ku rubuta kwanan wata a bangon, ku zo da su aji bayan mako biyu.