Kurakuran da ake yi wajen sa a rubuta tarihin dattijon gida

Galibi ba a tunawa da rubuta tarihin mahaifi sai ranar sadakar arba'in. Nan ne wani cikin 'ya'ya zai ce, "Ya kamata a yi wa Baba littafi," alhali mai labarin yana kwance a makwancinsa. In dattijonku na da rai, kada ku jira samun marubuci. Ku ajiye waya a gabansa da hantsi, ku naɗi muryarsa na rabin awa, gobe a ƙara, kowane zama a adana shi wuri biyu.

Kuskuren da ya fi ci min rai shi ne ɗauko maroƙi mai alƙalami. Za ka karanta shafi tamanin, ba abin da ke ciki sai "Alhaji mutum ne mai haƙuri da son zumunci." To wa za a ce ba shi da su bayan ya rasu? Jika so yake ya ji nawa kakansa ya sayar da buhun gyaɗa, wane malami ya yi masa bulala a makarantar allo, ta ina ya bi da ya tafi hajji ta ƙasa, wata nawa ya yi a Sudan yana neman guzuri. Kafin ku biya ko sisi, ku sa marubucin ya yi hira guda, ya kawo shafi biyar. In kirari ya cika su, ku nemi wani.

Sai batun shekaru. Tsofaffinmu da abin da ya faru suke lissafi, marubuci mai gaggawa kuwa sai ya ƙaga lamba. Zuwan Sarauniya Kaduna 1956 ne, kisan Sardauna Janairun 1966, canjin hannu a titi 1972. Amma in Iya ta ce "shekarar canjin kuɗi aka haife ka," a tambaye ta wanne: na 1973 da naira ta maye gurbin fam, ko na 1984 zamanin mulkin soja na Buhari? Shekara goma sha ɗaya ce tsakani. Wanda ya yi aikin En'e ko na gwamnatin Jihar Arewa, a leƙa Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da kuma Arewa House, cibiyar binciken tarihi da ita ma ke Kaduna, ana iya dacewa da takarda mai kwanan wata.

Ana kuma tsayawa a zaure a manta da cikin gida. Salsala a bakin gwaggo take: wa ya auri wa, wa aka ba wa riƙo, daga wane gari kakar kaka ta fito. Mace za a tura mata, ta fi sakin jiki.

Kada ku ba kowa ainihin tsohon hoto ya tafi da shi. Mu mun ba da hoton kakanmu guda ɗaya tilo, har yau ana "za a duba." A kai shago a yi sikanin a gabanku, ba a ɗauka da waya a tura ta WhatsApp ba, don dishi-dishi yake fitowa a bugu. A rubuta sunayen mutanen ciki da fensir a baya.

Yarjejeniya kuwa a rubuce: kuɗi kashi uku, na ƙarshe sai an miƙa aiki, muryoyin da aka naɗa mallakar iyali ne, mutum ɗaya ke magana da yawun gida. Maganar saki ko rigimar gado, a yanke tun farko ko za ta shiga, kada ɗaki ɗaya ya ga an tona shi ranar ƙaddamarwa.

Kafin maɗaba'a ta buga ɗaruruwa, ku karɓi kwafin gwaji ku bi haruffa masu lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya. Na taɓa riƙe littafin da aka so cewa marigayi mai son baƙi ne, ƙugiyar ta faɗi, ya fito "mai son baki."