Yadda ake zaɓen murhun indokshon da ja masa waya a gidajen Saudiyya

Murhun indokshon murhun lantarki ne mai saman gilashi da ke ɗumama tukunya da ƙarfin maganaɗisu. Kafin ka je kanti, fara buɗe akwatin birekokin gidanka, wanda ake kira ɗablon a nan. Wutar da ke gidan ita ke zaɓa maka murhu, kuɗin aljihu na biyo baya.

Ka sa mai gyaran wuta ya auna da mita. Sababbin gine-gine suna kan volt 230/400 (230 tsakanin waya mai wuta da nutural, 400 tsakanin wayoyi biyu masu wuta), amma tsofaffin gidaje da yawa a Makka, Jidda da Madina har yanzu suna kan 127/220. A irin wannan gida, 220 ɗin daga wayoyi biyu masu wuta take fitowa, don haka birekar murhu dole ta zama mai yanke duka biyun. In ta yanke ɗaya kawai, murhu zai mutu amma ɗayar wayar na nan da ranta, tana jiran hannun mai gyara. Ka duba takardar da ke manne a ƙasan murhun ma: wutar Saudiyya 60Hz ce, a tabbata an rubuta 50/60Hz.

Ƙaramin murhu mai kai ɗaya, na wat 2,000, soket mai ƙafa uku na amfiya 13 ya ishe shi, muddin ba a haɗa shi da butar shayi a kan wayar ƙari ba. Mai kai huɗu na santimita 60 kuwa yakan kai kilowat 7.2 zuwa 7.4, wato kusan amfiya 32. Wannan ba ya shiga soket. Layinsa daban ake ja masa tun daga ɗablon: wayar jan ƙarfe mai kaurin 6mm², bireka 32A, na'urar kariya ta RCD mai 30mA (mai yanke wuta in ta zurara), da wayar ƙasa. Idan tafiyar wayar na da nisa, ko za ta bi ta rufin da rana ke gasawa, a ɗauki 10mm², domin waya mai zafi ba ta ɗaukar nauyin da aka rubuta mata. Kada ka yarda a ƙara girman bireka a bar siririyar waya. Robarta ce za ta narke a cikin bango. Mai haya da ba shi da iznin jan sabon layi ya nemi murhun da ake iya rage masa iyakar wutar da yake ja.

A bayan murhun akwai wurin ɗaure wayoyi da ƴan gadojin jan ƙarfe. A jera su daidai da zanen kamfani, a ɗaure sukurori tamau. Sukuru ɗaya ya yi sako-sako, nan zafi zai taru har wurin ya yi baƙi. Wanda kuma ya sa 400 inda ake son 230 ya ƙone allon lantarkin da ke cikin murhun nan take.

Ramin da ake yankawa a teburin kicin don murhu mai kai huɗu yawanci 56 da 49 ne a santimita, a kuma bar wa fankar da ke ƙasan murhun hanyar iska, in ba haka ba murhun zai riƙa kashe kansa ana tsakiyar girki.

Sai tukwane. Ɗauki mayen ƙarfe ka manna a gindin tukunya: in ya kama, za ta yi. Manyan tukwanen alminiyom na dafa shinkafar kabsa ba sa yi, haka mai zagayayyen gindi. Uwargida mai tuƙa tuwo ta samu tukunya mai kauri da shimfiɗaɗɗen gindi, ta riƙe ta da kyau lokacin tuƙi, don jan tukunya a kan gilashin na barin zane.